Yadda ake auna matsin tsokar ƙafa bayan karayar ƙwauri

Karayar ƙashin ƙwauri ba baƙuwa ba ce a kowane sashen gaggawa na Legas. Ɗan acaba da danfo ta matse da gefen gada, ɗan dako da buhu ya danne a kasuwar Mile 12, yaron mota da kaya suka zamo masa daga tirela a Apapa, duk ƙwaurin ne ke fara shan duka, domin ba shi da naman da zai kare shi ta gaba. Shi ƙashin yana da haƙuri. A gyara shi yau ko jibi, zai haɗe. Abin da ba ya jira shi ne kumburin da ke taruwa a cikin naman ƙafar har ya shaƙe tsoka da jijiya, wanda likitoci ke kira kwampatmen sindirom, wato matsewar ɗakin tsoka. Awanni kaɗan sun isa ya bar saurayi mai ƙarfi da ƙafar da zai riƙa ja har tsufansa, ko ma a yanke ta.

Wannan bayani na ƙananan likitoci ne da ɗalibai da ma'aikatan jinya da ke kwana da masu karaya. Ɗan'uwan majinyaci ma zai amfana da sanin alamomin, amma soka allura a tsoka aikin wanda aka horar ne, a asibiti, da kayan da aka tsarkake.

Abin da ke faruwa a cikin ƙafar

Tsokokin da ke tsakanin gwiwa da idon sawu suna zaune ne a ɗakuna 4, kowanne lulluɓe da wani tantani mai tauri wanda ba ya miƙewa. Akwai ɗakin gaba, a gefen ƙwauri ta waje, inda tsokokin da ke ɗaga ƙafa da yatsu sama suke. Akwai ɗakin gefe, kan siririn ƙashin nan fibula. Sai ɗakuna biyu a baya: na sama, wato naman sharaɓa da kake iya kamawa da hannu, da kuma na can ciki, wanda ke manne da bayan ƙasusuwan biyu, yana ɗauke da tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da jijiyar da ke kai ji tafin ƙafa.

Kowane ɗaki kamar buhu ne da aka cika aka ɗinke bakinsa. Idan jini ya zuba a ciki, ko tsoka ta kumbura, babu inda ƙarin zai tafi, sai matsi ya hau. A ƙafar da ke lafiya matsin bai kai 10 mmHg ba, wato ma'aunin nan da ake auna hawan jini da shi. Da ya fara hawa, ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini ne ke fara toshewa, ruwa ya ƙara tsatstsafowa cikin nama, kumburi ya ƙaru, matsi ya sake hawa. A haka har 'yan mitsi-mitsin hanyoyin da ke ciyar da tsoka su daina kai jini. Tsoka tana iya jure kamar awa 4 ba jini ta farfaɗo. A awa 6 lamarin ya zama na shakka. Ya kai awa 8, abin da ya mutu ya mutu.

A nan ne Legas ke da nata ƙarin. Agogon yana fara tafiya ne tun daga bakin titi, ba daga lokacin da aka buɗe wa majinyaci kati ba. Wanda ya faɗi a Agege ko Alaba Rago, aka tsaya aka yi cirko-cirko, aka fara kai shi ƙaramin asibitin unguwa, daga can aka ce a wuce asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitocin koyarwa na LUTH ko LASUTH, ga cunkoson hanyar Ikorodu ko Oshodi, sau da yawa ya cinye rabin lokacinsa kafin ka ɗora masa hannu. Saboda haka tambayarka ta farko ga wanda ya kawo shi ita ce: da ƙarfe nawa abin ya faru? In bai riƙe ƙarfe ba, tambaye shi kafin wace salla ko bayan wace. Zai gaya maka daidai. Rubuta shi a saman fayil.

Waye ake sa wa allura, waye ba a sa wa

Mutumin da ke cikin hayyacinsa, yana magana, alamominsa sun fito sarai, ba ya buƙatar awo. Tiyata yake buƙata. Tsayawa neman na'ura a irin wannan hali ɓata lokaci ne, kuma lambar da za ta fito ba za ta canza komai ba.

Alamar farko ita ce zafin da ya fi ƙarfin raunin, mai ƙaruwa, wanda allurar kashe zafi ba ta kwantar da shi duk da an tallafe karayar. Ta biyu, wadda na fi dogara da ita, zafi idan ka miƙar da tsokar da hannunka. Riƙe dunduniya da hannu ɗaya don kada ƙashin ya motsa, ka ce masa, "Malam, saki ƙafarka, kada ka taya ni." Sai ka lanƙwasa babban yatsa ƙasa a hankali. In ɗakin gaba ya matse, zai zabura ya kama gaban ƙwaurinsa, ba wurin karayar ba. Ɗaga yatsun sama: in ya yi ƙara yana nuna can cikin sharaɓa, ɗakin baya na ciki ne. Daga nan ka taɓa fatar da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ka kwatanta da ɗaya ƙafar. Jijiyar da ke kai ji wannan ɗan wurin ta cikin ɗakin gaba take bi, don haka sagewa a nan saƙo ne daga can. Bayan ƙafa na ɗakin gefe ne, tafin ƙafa na ɗakin ciki.

Kada ka jira bugun jini ya ɓace. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin ƙafafu. Matsin da ke kashe tsoka bai cika kai wa ƙarfin da zai toshe babbar jijiyar jini ba, don haka kana iya jin bugu lafiya lau a bayan ƙafa, farce ya yi ja da ka danna, alhali naman yana mutuwa. Rashin bugu, ƙafa ta yi fari, ta kasa motsi, duk alamomin ƙarshe ne, ko kuma alamar jijiyar jinin ce kanta ta tsinke, wanda wata matsala ce daban. Haka nan kada ka ce ai ƙashi ya fasa fata, matsi zai fita ta ramin. Ɗan ramin da ƙashi ya yi ba ya buɗe ɗakuna huɗu.

To su wa ake aunawa? Wanda ba zai iya gaya maka zafinsa ba: mai buguwar kai, wanda aka sa wa na'urar numfashi, wanda ke cikin maye, wanda aka kashe masa ƙafa da allurar baya ko ta jijiya, mai raunin laka. Sai wanda alamominsa suka tsaya tsaka-tsaki, kai da babbanka kun duba kun kasa yanke hukunci. Yara su ma nasu daban ne, domin yaro ba ya kwatanta zafi. Sai dai ka ga ya kasa zama wuri ɗaya, tsoro ya ƙaru, yana ta neman ƙarin magani.

Akwai kuma wani rukuni da littattafai ba su cika kawowa ba, amma duk wanda ya yi aiki da mutanenmu a nan ya san su. Saurayi ne daga Arewa, ba Turanci, ba Yarbanci, an koya masa tun yana ƙarami cewa namiji ba ya raki. Likita ya tambaye shi da Turanci, ya gyaɗa kai, a rubuta cewa zafi da sauƙi. Wani kuma abokansa sun riga sun ba shi taramol tun a hanya don tausayi. In kai ne mai jin Hausa a wurin, wannan aikinka ne. Kada ka tsaya ga "Yaya jiki?", domin amsar "da sauƙi" ce ko da yana cizon haƙori. Ka ce, "Tsakanin ɗazu da yanzu, zafin ya ƙaru ko ya ragu? Me ka sha kafin ka zo? Ba faɗa zan yi ba." Ka dubi goshinsa da yadda ya damƙe ƙarfen gado. Samari masu cikar tsoka 'yan ƙasa da shekara 35 su ne ma suka fi shiga wannan haɗari, kamar yadda wani bincike da aka yi a birnin Edinbara na Birtaniya, aka buga a shekarar 2000, ya nuna, kuma a cikinsa karayar tsakiyar ƙwauri ita ce sanadin da ya fi yawa.

Kafin ka ɗauko allura

Kwance duk abin da ya zagaye ƙafar, har sai ka ga fata daga gwiwa zuwa yatsu. In siminti ne, tsaga shi gefe biyu, ka buɗe, ka yanke audugar da ke ƙarƙashi, domin audugar da ta sha jini ta bushe ita ma ɗauri ce. In daga wurin mai ɗori aka zo da shi, da karare da tsumma an ɗaure tamau, warware su duka, ka lura da shatin da suka bari. Ba wurin zagin kowa ba ne. 'Yan'uwansa suna tsaye suna ji, kuma da su za ka nemi izinin tiyata nan da ɗan lokaci.

Ajiye ƙafar daidai da tsayin zuciya. Ɗaga ta sama kan filo uku, wanda ke taimakon kumburi na yau da kullum, a nan rage jinin da ke shiga yake yi. Ba shi iskar oksijin, ka sa masa ƙarin ruwa in jininsa ya yi ƙasa, ka ba shi maganin zafi. Ka dawo ka sake dubawa cikin minti 30. Wani daga kwance ɗaurin nan kaɗai yake samun sauƙi.

Sai ka auna jininsa, ka rubuta lambar sama da ta ƙasa. Ba tare da lambar ƙasa ba, awon da za ka yi rabin aiki ne.

Kwantar da shi rigingine. Sa ɗan naɗaɗɗen zani a ƙarƙashin dunduniya yadda sharaɓa za ta tashi daga katifa, domin nauyin ƙafa kan katifa yana ƙara lambar ɗakunan baya. Bar idon sawu yadda ya saki kansa. In wani ya tanƙware ƙafar sama don ya taimaka maka, ya ƙara matsin ɗakin ciki. Duba hoton ƙashi ka yi alama a fata daidai inda karayar take. Wanke fata da aidin, sa safar hannu mai tsarki, shimfiɗa ƙyalle. In yana farke, sa ɗan lidoken, maganin kashe zafin wurin, a fata kaɗai, kada ka tura shi cikin tsoka. Kauce wa fatar da ta ƙone ko ta yi ruwa ko take da alamar ƙwayar cuta.

Inda allura za ta shiga

Matsi ba ɗaya ba ne a duk tsawon ɗaki. Heckman da abokan aikinsa sun nuna a 1994 cewa ya fi yawa a kusa da karaya, kuma da ka yi nisa kaɗan sai ya fara sauka. Don haka bakin allura ya kasance cikin santimita 5 daga karayar, amma a cikin tsoka, ba cikin gudan jinin da ke tsakanin ƙasusuwan ba. Wanda ya auna can kusa da gwiwa alhali karayar tana ƙasa zai samu lamba mai kwantar da hankali, ya koma ya kwanta.

Ɗakin gaba shi ne mafi sauƙi kuma shi ya fi yawan matsewa. Laluba kaifin ƙwauri da yatsa, ka gusa santimita 1 ta waje, ka soka a tsaye, zurfin santimita 1 zuwa 3. Za ka ji ɗan tauri sannan allura ta faɗa, shi ne ka keta tantanin. Ɗakin gefe, laluba fibula ka shiga daidai kanta ta gefen baya, santimita 1 zuwa 1.5 ya isa. In ka taɓa ƙashi, ja baya kaɗan. Ɗakin sharaɓa na sama, santimita 3 zuwa 5 daga tsakiyar sharaɓa ta kowane gefe.

Ɗakin baya na ciki shi ake yawan tsallakewa, saboda hannu ba ya jin taurinsa daga waje kuma mutane suna tsoron jijiyoyin da ke wurin. Laluba gefen ƙashin ƙwauri ta ciki, inda ƙashi ya ƙare nama ya fara. Soka daf da bayan wannan gefen, ka nufi bayan fibula, zurfin santimita 2 zuwa 4, kana bin bayan ƙashin. A awon Heckman, wannan ɗakin da na gaba su ne suka fi nuna matsi mai yawa. In lokaci ya ƙure har ba za ka iya huɗun ba, waɗannan biyun ba a barin su.

Duk inda ka shiga, tabbatar kana cikin ɗakin. Matsa naman da yatsa nesa kaɗan da allura, ko ka motsa yatsun ƙafar: lamba ta yi tsalle ta dawo. In ba ta motsa ba, ko bakin ya toshe, ko ba ka shiga ba.

Na'urori uku

Mafi sauƙi ita ce 'yar na'urar hannu ta kamfanin Stryker. Tana zuwa da sirinji mai ruwan gishiri a ciki, da wani ɗan faifai mai tantani, da allura mai rami a gefe. Haɗa allura da faifan da sirinjin, ka kwantar da su cikin na'urar ka rufe murfi har ya yi ƙas. Ɗaga bakin sama kamar digiri 45, ka tura ruwa a hankali har iska ta fita. Kunna ta. Riƙe ta daidai karkatar da za ka soka da ita, sannan ka danna maɓallin sifili. In ka saita ta a kwance ka soka a tsaye, ka shigar da kuskure da hannunka. Soka, tura ɗan ruwa wanda bai wuce 0.3 ml ba, ka jira. Lamba za ta hau, ta sauko, ta tsaya. Inda ta tsaya shi ne awonka. Sake saita sifili kafin kowane ɗaki. Matsalarta ɗaya, ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma inda take ma kayan da ake canzawa sukan yanke.

Ta biyu tana nan a duk tiyata ko sashen kulawa ta musamman da ke auna jini kai tsaye daga jijiya. Ɗauki sabon layin awon jijiya, cika shi da ruwan gishiri ba kumfa ko ɗaya, haɗa allura mai lamba 18 a bakinsa, ajiye kan na'urar daidai tsayin ɗakin da za ka auna, ba tsayin ƙirji yadda aka saba ba, ka saita sifili. Soka, tura ɗigon ruwa, karanta lambar tsakiya a allo. Wannan hanyar tana da kyau ƙwarai, kuma in ka sa siririn bututu mai tsagaggen baki a madadin allura, kana iya barinsa a ɗakin gaba yana nuna maka matsi dare da rana. A ganina ƙananan likitoci da yawa suna cewa babu na'ura alhali wannan tana rataye a bayansu.

Ta uku ita ce wadda Whitesides ya bayyana a Amurka a 1975, kuma ita ce ta wanda ba shi da komai sai kayan ɗakin jinya. Zan daɗe a kanta domin ita ce aka fi yi ba daidai ba. Kana buƙatar na'urar awon jini mai zaiba, sirinji mai 20 ml, famfo mai baki uku, robobin ƙarin layi guda 2 masu gani har ciki, allurai masu lamba 18 guda 2, da kwalbar ruwan gishiri. In mai agogo ce kawai a hannu tana yi, muddin hannunta yana komawa sifili daidai.

Ɗaura sirinjin a bakin tsakiya na famfon. A baki ɗaya ka haɗa roba mai allura a ƙarshenta. Huda kwalbar da ɗaya allurar don iska ta shiga, sannan ka tsoma allurar robar ka zuƙo ruwa a hankali har ya cika rabin robar kawai. Rabi, ba duka ba, domin gaɓar da ruwa ya haɗu da iska ita ce za ka zuba wa ido. Juya famfo ka rufe wannan robar don ruwan kada ya gudu. Ta ɗaya bakin ka zuƙi iska 15 ml cikin sirinji, sannan ka haɗa roba ta biyu daga wannan bakin zuwa bututun na'urar awon jini, bayan ka cire abin ɗaura hannu. Yanzu soka allurar a tsoka. Kwantar da robar yadda gaɓar ruwan za ta yi daidai da tsayin bakin allura. In tana sama ko ƙasa, nauyin ruwan zai shiga lissafi. Juya famfo ya buɗe hanyoyi ukun gaba ɗaya.

Mutum biyu ake so a nan. Kai idonka kan gaɓar ruwan, nas idonta kan zaiba. Danna sirinji a hankali ƙwarai, fiye da yadda hannunka ke so. Zaiba za ta fara hawa, ruwan yana tsaye. Za ka ga fuskar gaɓar tana sauya lanƙwasa har ta miƙe, sannan ruwan ya fara rarrafawa wajen ƙafa. A daidai wannan lokacin ka ce, "Sista, nawa?" Abin da ta karanta shi ne matsin. Ja sirinji baya kafin ka zare allura, kada iska ta bi ruwan ta shiga nama. Maimaita sau biyu. Wanda ya danna da sauri zai wuce wurin ya karanta lambar da ta fi gaskiya yawa.

Ka sani kuma allura mai rami a baki kawai, irin ta yau da kullum, tana yawan nuna lamba sama da mai rami a gefe, domin nama yana toshe bakinta. Ita hanyar Whitesides ita ce mafi rauni cikin ukun wajen daidaito. Ta fi babu nesa ba kusa ba, amma lambarta shaida ce guda ɗaya, ba hukunci ba.

Karanta lambar

A da ana cewa duk matsin da ya kai 30 a tsaga ɗakin a tiyata, wasu su ce 40 ko 45. Whitesides tun a wancan lokacin ya lura cewa abin dubawa shi ne yadda matsin ya kusanci ƙarfin jinin mutumin. McQueen da Court-Brown suka gwada wannan a Edinbara, suka buga a 1996: masu karayar ƙwauri 116, an bar bututu a ɗakin gaba ana bin matsinsu. Da an bi dokar 30 tsura, da an tsaga kashi 43 cikin 100. Su kuwa sai suka tsaga wanda ratar da ke tsakanin lambar jininsa ta ƙasa da matsin tsokarsa ta gaza 30 kaɗai. Mutum 3 ne suka shiga wannan, kuma a cikin sauran ba a samu wanda ya dawo da illar matsewa ba.

Lissafin ke nan: lambar jini ta ƙasa, a cire matsin ɗaki. In abin da ya rage bai kai 30 ba, tsoka ba ta samun jini yadda ya kamata. Mai jini 120 bisa 70, matsinsa 45, ratarsa 25: tiyata. Dattijo mai hawan jini, 160 bisa 95, matsinsa 38, ratarsa 57: a sa ido, a sake dubawa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne saurayin da ya zubar da jini, 90 bisa 50, matsinsa 28. Wanda ya haddace 30 kawai zai ce lafiya, alhali ratarsa 22 ce. Shi ya sa tayar da jinin majinyaci yana cikin maganin ƙafarsa. A yi lissafin da ɗakin da ya fi kowanne matsi, ba a haɗa huɗun a raba.

In a kan teburin tiyata kake awon, misali bayan an sa ƙarfe a cikin ƙashi, ka tuna maganin barci yana saukar da lambar ƙasa na ɗan lokaci. Yi lissafi da wadda aka auna kafin a sa shi barci.

Awo ɗaya yana iya ruɗi ta kowane ɓangare. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, an auna masu karayar ƙwauri da ba su da alamar matsewa, sau ɗaya, sai kashi 35 cikin 100 suka nuna rata ƙasa da 30, kuma ba su kamu ba. Ta ɗaya ɓangaren, lamba mai kyau da ƙarfe 10 na dare ba ta ce komai ba game da ƙarfe 2. Masu barin bututu a ciki suna duba ratar da ta zauna ƙasa da 30 har awa 2 ne, suna kallon inda take dosa. Kai da ba ka da bututu, ka maye gurbinsa da ƙafarka: kowace awa a duba shi, a rubuta lokaci, ƙarfin zafi, yawan maganin da ya sha, zafi kan miƙarwa, ji a wurare ukun nan, da jini. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko bayan rauni ko bayan aiki su ne na tsaro. A gaya wa nas ta dare baki da baki cewa neman ƙarin allura daga wannan gadon dalilin kiran likita ne, ba dalilin ƙara allura kawai ba.

In lamba da majinyaci suka saɓa, alamomi sun fito sarai amma na'ura ta ce lafiya, bi majinyaci. Kira babbanka ko da ƙarfe nawa ne.

Bayan an yanke hukunci

Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙashi ta Birtaniya ta shekarar 2014 ita ce a shiga tiyata cikin awa 1 da yanke hukunci. A wurinmu abin da ke cinye wannan awar sananne ne: neman jini, neman kuɗi, neman wanda zai sa hannu. Fara su tun lokacin da ka fara zargi. Kira babban cikin waɗanda suka rako shi gefe, ka yi masa bayani da Hausar da zai maimaita wa na gida a waya: "Baba, ba yanke ƙafa za mu yi ba. Naman ne ya kumbura ya shaƙe, za mu tsaga gefe biyu ya sha iska, mu bar shi a buɗe kwanaki kafin a rufe. In muka kai safiya, naman zai mutu." Kalmar tiyata ita ke firgita su, domin abin da suka ji labari shi ne ana shiga da ƙafa a fito babu.

Aikin da aka fi yi shi ne tsaga biyu dogaye, yadda Mubarak da Owen suka bayyana a 1977: ɗaya ta waje tsakanin kaifin ƙwauri da fibula, ta buɗe ɗakin gaba da na gefe, ɗaya ta ciki kamar santimita 2 a bayan gefen ƙashi, ta buɗe na baya biyun. Gajeriyar tsaga ba ta sakin matsi. Ana barin raunin a buɗe, a koma a duba bayan kamar awa 48, a cire abin da ya mutu, daga baya a ɗinke ko a ɗauko fata daga cinya a rufe. A sa masa robar fitsari a riƙa aunawa. Fitsari mai launin shayi yana nufin mataccen nama yana zuba cikin jini, ƙoda tana cikin haɗari, ana buƙatar ruwa sosai da gwajin jini.

Wanda ya zo bayan kwana biyu ko uku, ƙafa ta riga ta sage, zafin ma ya lafa, lissafinsa daban ne. Buɗe mataccen nama yana iya jawo ƙwayar cuta mai tsanani, kuma awon matsi a lokacin yana iya nuna lamba ƙasa domin abin ya riga ya wuce. Wannan shawarar manyan likitoci ce, ba ta wanda ke kwanan aiki shi kaɗai ba.

Sai kuma waɗanda za su ce a sallame shi su kai shi gida a yi masa ɗori. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, a zaune, ƙafa a rataye cikin zafin mota, a daidai kwanakin da kumburi ke kan ganiyarsa. Roƙe su su bari kwana biyun farko su wuce ana dubawa. In sun dage, tsaga simintin kafin su fita, rubuta musu takarda mai lokacin rauni da abin da ka gani, ka nuna wa wanda zai zauna kusa da shi yadda ake lanƙwasa babban yatsa, ka gaya masa in zafi ya ƙaru ko yatsu suka sage su sauka a babban asibiti mafi kusa a kan hanya, kada su jira sai sun isa asibitin ƙashi na Dala a Kano.